Karce ne ko tsaga? Na ga layi a silaid ɗin sabuwar fistol ɗina

Baban_Ilham: Salam 'yan uwa, masu gogewa ku taimaka da shawara. Sati uku ke nan da na sayi fistol (ƙaramar bindigar hannu) mai harsashi 9mm sabuwa fil a kwalinta, takarduna cikakku, harsashin da na harba bai kai 200 ba kuma duk na kamfani ne. Jiya na cire magazin (gidan harsashi) na kwance ta zan goge sai na ga wani siririn layi a silaid (ƙarfen saman bindigar da ke ja baya ya dawo gaba duk harbi), daidai kusurwar baya ta tagar da kwanson harsashi ke fita, tsawonsa bai wuce rabin farce ba. Na goge da tsumma yana nan, in na ja farce ina ɗan jin yana kamawa. Ta ciki ban gan shi ba. To in mayar wa kamfani ne ko in ci gaba da harbi? Ranar Asabar muke da atisaye.

DanKwanso: Harsashin da ake cikawa a gida ne yake jawo haka, ku daina wannan arahar.

Baban_Ilham: Malam na ce na kamfani ne fa, duba sama.

Injiniya_Walda: Kar ka sake harba ko ɗaya sai ka tabbatar, atisayen Asabar ba zai gudu ba. Wanke wurin tas da abin da ke narkar da maiƙo, ka busar, ka ɗiga mai ɗan kaɗan ka goge saman ka ajiye. In tsaga ce za ka ga man yana tsattsafowa daga cikin layin bayan ɗan lokaci. Sannan ka sa madubin ƙara girma da tocila ta gefe: sawun injin da ya ƙera ta yakan miƙe sak kuma yana da 'yan uwa a jere kusa da shi, ita kuwa tsaga karkacewa take kamar jijiya, kuma tana son kusurwa don nan ƙarfi ke taruwa. Wurin da ka faɗa ɗin nan yana cikin wuraren da ƙarfen ya fi siranta a silaid, shi ya sa ban so ba. Mu a wurin aiki jan rini muke fesawa, a jira, a goge, a fesa farar hoda, in da tsaga jan zai fito raɗau. Kuma don Allah kar ka sa fayil na gugar ƙarfe ko sanfefa, ka goge shaidarka ke nan.

Oga_Sule: Ka ɗan sa mata super glue ka ce bismillah 😂

Mai_Haƙuri77: Hmm. Ɗan uwa ka tuna min da abin da nake so in manta. Tawa ma haka ta fara, layi ɗan ƙarami a wuri ɗaya da naka, na yi abin da ya kamata na ɗauki hoto na rubuta wa kamfanin suka ce in turo bindigar gaba ɗaya, na tura, wata huɗu tana hannunsu in na kira a ce tana sashen bincike in na sake kira a ce wanda ke duba ta yana hutu, ƙarshe suka dawo min da ita da wata 'yar takarda wai sun duba komai daidai yake, sawun inji ne. Da na duba sai na ga sun goge wurin ne kawai sun sake baƙin fentin. Na yarda da su don su suka ƙera. Ban kai ga ƙare kwali uku ba layin ya dawo, wannan karon ya zagaya har ciki, silaid ta fara cijewa ba ta komawa gaba sosai. Na sake turawa, sai ga wasiƙa wai harsashi mai ƙarfi na yi amfani da shi, garanti bai shafe ni ba. Ni da ban taɓa sayen +P, wato harsashi mai ƙarin ƙarfin nan, ba a rayuwata! Kuskurena ɗaya, ban ajiye kwalayen harsashin ba, ba ni da abin nunawa. Har yau tana cikin akwati, ko kallonta ba na son yi.

Hajiya_Z: Allah sarki. Amma kuɗin turawa ai su ke biya, ni da nawa ya samu matsala takardar aikawa suka turo min, ko sisi ban kashe ba.

Mai_Haƙuri77: Hajiya ke kika yi sa'a, ni sau biyu daga aljihuna, zuwa da dawowa.

DanKwanso: Gwajin rinin nan ma tsada gare shi, gara ka sayi sabuwar silaid ka huta.

Injiniya_Walda: Wace tsada? Gwangwani uku ne fa, kuma za su yi maka gwaji da yawa.

Tsohon_Soja: Injiniya da girmanka, bututun ruwa ka sani, bindiga daban ce. Yaro kai ta wurin mai gyaran bindiga mai lasisi ya sa hannu a takarda. Masu dariya kuma ku bincika labarin fistol ɗin Beretta M9 da sojan Amurka suka ɗauka a 1985. Bayan 'yan shekaru aka samu silaid da suka karye ana cikin harbi, rabin baya ya taso ya bugi fuskar masu harbin. An yi ta jayayya ko laifin harsashi ne ko na ƙarfe, daga baya dai aka fito da samfurin 92FS mai wani fil mai faɗin kai da ke tare silaid in ta karye. Abin da ke gaban idonka ne in ka ja kunama, ba abin wasa ba ne.

Injiniya_Walda: Baba ƙarfe dai ƙarfe ne. Shi mai gyaran da kake faɗa, rinin nan zai fesa, ko ya yi gwajin maganaɗisu, sai dai ya caje shi.

Tsohon_Soja: Amma takardarsa kamfani za su kalla, ba ta mai walda ba.

Oga_Sule: Baba da Injiniya ku fito fili a yi ta ta ƙare, ni ne alƙali 😂

Abu_Sadiq: Ni abin da nake zargi ma sifirin da ke mayar da silaid gaba ne. In ya yi laushi silaid na dukan jikin bindigar da ƙarfi duk harbi. Kuma maganar +P, 9mm na yau da kullum iyakar matsin da yake yi a cikin bindiga psi (ma'aunin matsi) 35,000 ne, +P kuwa 38,500, bambancin bai kai ya tsaga lafiyayyen ƙarfe cikin kwali uku ba, hujja kawai kamfanin suka nema a kan Mai_Haƙuri.

Baban_Ilham: Sifirin sabo ne ai, bindigar sati uku. Na yi gwajin man, kamar akwai ɗan danshi a layin amma ban tabbata ba ko ni ne ban goge da kyau ba. In fara kai wa mai gyara ko in rubuta wa kamfani tukuna?

Hajiya_Z: Tsaya ma, ka tabbata sabuwa suka ba ka? Masu shago fa wadda ke cikin gilas kowa na ɗauka yana ja yana saki ita suke mayarwa kwali su ce sabuwa.

Mai_Haƙuri77: Wallahi mai shagon da na saya wurinsa ma haka ya yi min, da na koma cewa ya yi in an fita da bindiga ba a dawowa da ita, tsakanina da kamfani ne. Amma ranar sayarwa har da ce min ɗan uwa.

DanKwanso: Nawa kuma magazin ɗaya ya cire daga kwalin ya sayar min daban, sai da na karanta littafin na ga biyu ne ya kamata.