Dan Allah me kuke dafawa a hostel ne?

Ummi: Assalamu alaikum yayyena, dan Allah ku taimaka min da shawara. Ni sabuwa ce wannan ne zangona na farko, kuma wlh sati uku ke nan indomie nake ci safe da dare, in na dawo daga lakca ƙarfe shida jikina ya gama mutuwa ba na iya tsayawa dogon girki, yanzu har cikina ya fara zafi da daddare. Dubu 25 Abba ke turo min a wata, risho gare ni da tukunya biyu. Me zan dinga dafawa?

Anti Hauwa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji. Ki riƙe wake, shi ne rufin asirin ɗalibi. Abin da ke sa mutane gudunsa daɗewar da yake yi a wuta ya shanye kananzir, to maganinta ki tsince shi ki jiƙa tun da daddare kafin ki kwanta, da asuba ki zubar da ruwan ki sa sabo, za ki ga rabin lokacin ma bai ci ba. In kina da kula mai riƙe zafi sosai ki bari ya tafasa kamar minti goma sha biyar ki juye shi da ruwansa da zafinsa ki rufe gam ki tafi aji, kafin ki dawo da rana ya yi laushi, sai ki mayar tukunya ki zuba shinkafa. Garau-garau ya samu, mai da yaji, ki yanka albasa da tumatir da ɗan kabeji a kai.

Zainab: Gaskiya Anti ta faɗa. Mu da muke karantar fannin abinci an koya mana haɗa wake da hatsi kamar shinkafa ko gero yana cike giɓin furotin ɗin juna, shi ya sa ko ba nama garau-garau yana riƙe mutum. Amma dan Allah a rage kanwa, na ga wasu na zuba ta da yawa don wake ya yi saurin nuna, tana kashe bitamin B1 da ke cikinsa. Jiƙon ya wadatar.

Ummi: To indomie ɗin fa Yaya Zainab, in daina gaba ɗaya?

Zainab: A'a ba sai kin daina ba, ki mayar da ita ta ranar da kika makara. Matsalarta gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma ɗan ƙullin sinadarin nan na ciki gishiri ne fal. Ki sa rabinsa kawai, ki fasa ƙwai ɗaya, ki watsa alayyahu ko karas. Zafin cikin nan kuma in ya wuce kwana biyu uku ki je asibitin makaranta a duba ki, kar ki tsaya shan magani da ka.

Maryam: Ni abin da ya cece ni tun aji ɗaya kayan da nake tahowa da su daga gida ne. Duk hutu Mama na shanya min zogale a inuwa, a daka min kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin ƙuli, a niƙa min garin ɗanwake da kukarsa a ciki in zubo a bokiti mai murfi. Babu abin da ke neman firij a cikinsu. Ɗanwake minti ashirin ya isa, ki ɗora ruwa kina kwaɓa garin, yana tafasa ki dinga jefawa da hannu, in suka taso sama ki ƙara musu ƴan mintuna ki tsame a ruwan sanyi. Zogalen kuwa ki dafa ki matse ki haɗa da dakakken ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai, kwaɗon nan in kika ci da rana sai magariba ki tuna da yunwa. Har yau in na buɗe bokitin nan ƙamshin daddawar ya bugo ni sai in ji kamar ina tsakar gidanmu.

Anti Hauwa: Allah ya saka wa iyaye da alheri. Ummi wani abin kuma, ranar Asabar ki yi suyar kayan miya ta sati. Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, ki kai a markaɗa, ki dafa har ruwan ya tsane ƙaf sannan ki soya da mai sosai har man ya taso sama. Kullum ki ɗumama safe da yamma kuma kar ki sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, a lokacin sanyi yakan yi min kwana huɗu, da zafi kuwa kaɗan nake yi na kwana biyu. Da shi za ki yi jalof ɗin taliya, ki ci da dafaffen dankali, ki yi faten wake, duk cikin ƙanƙanin lokaci.

Fati: Ba wanda ya ambaci awara! Ta fi nama araha nesa ba kusa ba, ki saya wajen masu suya ki yayyanka a miya ko ki ci da kabeji. Da busasshen kifi kaɗan don ɗanɗano.

Maryam: Da safe kuma kunun gyaɗa ko na tsamiya, in da garin a hannu ruwan zafi kawai kike nema, ya fi ki fita da shayi tsura.

Zainab: Tunda an zo kan shayi, a daina kora wake ko zogale da shi nan take, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, mu mata kuma mun fi kowa buƙatarsa. A ba da tazarar kamar awa ɗaya. Lemo ko ɗanyen tumatir su ne ke taimakawa.

Rabi: Ni gargaɗi zan yi don na ga abin da idona. Bara da hunturu maƙwabtanmu a gidan haya gas ɗinsu ya ƙare suka shigo da kurfoti ɗaki suka rufe ƙofa da taga suna dafa wake, ɗaya ta fara ciwon kai da jiri ɗayar ta zube, Allah ya sa muka ji motsi muka fito da su waje. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Gawayi a waje kawai, risho ma a buɗe taga.

Ummi: Innalillahi, Allah ya kiyaye. Na gode sosai yayyena wlh na ji daɗi, yanzu haka na tsince wake gwangwani biyu na jiƙa. A ina kuke sayen kayan da sauƙi?

Anti Hauwa: Sayen gwangwani-gwangwani a shago shi ke cinye kuɗi. Mu huɗu muke haɗa kuɗi farkon wata, hatsi da wake a Dawanau, kayan miya a Ƴankaba, mu raba kuɗin adaidaita mu dawo mu auna da kwano. In kina so ki shigo cikinmu, Asabar ƙarfe takwas za mu fita.

Ummi: Ina so Anti, a sa da ni. Zan taho da buhuna.