Fim ɗaya cikin na Yash Chopra: wanne zan haska ranar Asabar?

Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo a Tudun Wadar Zariya, kuma tun da aka tafi hutun ƙarshen kaka sai ƙura ke zama a bencina. Dattawan layinmu suka ce in sa musu fim ɗin Indiya na da ranar Asabar bayan isha'i, kuma na Yash Chopra suke so. Man da zan iya saya bai wuce na awa 3 ba, sannan yara da iyayensu za su zauna wuri ɗaya, ba na son wanda za a riƙa sunkuyar da kai. Hankalina ya rabu tsakanin Deewaar da Veer-Zaara. Wanda ya taɓa haska wa jama'a ya ba ni shawara. Kuma nawa masu shago ke tura wa mutum fim yanzu?

Ɗan Gyallesu: Dilwale Dulhania Le Jayenge. Magana ta ƙare.

'Yar Samaru: Malam, wannan ai ɗansa Aditya ne ya ba da umarni, a 1995. Shi uban, Yash, kuɗinsa ya zuba. Ni dai Lamhe na fi so, na 1991, inda Sridevi ta fito uwa kuma ta fito 'ya.

Ɗan Gyallesu: Yarinya ta ƙallafa rai a kan mutumin da ya so uwarta, shi za a sa wa dattawa? So kike a rufe wa bawan Allah shago.

Kawu Na Sabon Gari: Ɗana, sa Deewaar ka huta. A silima na kalle shi, da tikitina. Fim ne na 1975, Amita ɗan dako a tashar jirgin ruwa da lambar 786 ɗaure a damtse, ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ƙaninsa Shashi Kapoor ya zama ɗan sanda, uwa na tsakiya ta rasa wanda za ta bi. Ranar da ta tattara kayanta ta bar gidan mai kuɗin ta bi talakan, wallahi na ga ƙartin maza suna share ido da hula. Bai cika awa 3 ba, manka zai kai.

Baban Ummi: Mai gidan kallo, ka ji tsoron Veer-Zaara. Ba don fim ɗin ba, don abin da ya same ni. Na yi hayar majigi na kafa farin ƙyalle a Danmagaji, na karɓi kuɗin ƙofa, wuri ya cika har wasu a kan katanga. Yaron da ya tura mini ya rantse cikakke ne. Ashe gida biyu aka raba shi, ya sa mini na farko sau biyu. Ana tsaka da labari sai ga sunayen 'yan wasa sun sake fitowa. Na tura yaro a babur, shago a kulle, wayarsa a kashe. Kafin a samo ragowar a wayar wani ɗalibi sha ɗaya ta wuce. Muka ci gaba. Sharukan ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan, Rani Mukerji ta tsaya masa a kotu, an kira Zaara za ta shigo, janareto ya yi tari biyu ya mutu. Aka karya mini benci, aka yage ƙyallen, wata tsohuwa ta riƙe mini riga wai sai na gaya mata ko sun yi aure. Na mayar wa kowa kuɗinsa, har da waɗanda suka hau katanga. Da na koma wa yaron washegari cewa ya yi ai ban tambayi kashi na biyu ba. Na bar shi da Allah.

'Yar Samaru: Ayya Baban Ummi. Amma shi ma dai awa 3 da minti 12 ne, da ka lissafa mai.

Mai Shayi Kwangila: To sun yi auren? Ni ma ranar ina kan katanga.

Ɗan Gyallesu: Turawa naira 100 ne a Tudun Wada.

Baban Ummi: Wace shekarar? 300 na biya, kuma rabi na samu.

Hajiyar Kongo: A wajen PZ 500 aka ce mini in mai kyan hoto ne, na 100 ɗin a majigi fuskar mutum ba ta fita. Ni Chandni zan ce, don waƙoƙin.

Kawu Na Sabon Gari: Hajiya, Rishi Kapoor da ke cikinsa fa? A zamaninmu Mace muke ce masa. Kuma yaran da suka san fim a fuskar waya su bari waɗanda suka bi layin tikiti su yi magana.

'Yar Samaru: Kawu, da girmanka, Yash Chopra ya yi fim har 2012, shekarar da ya rasu. Kai ka tsaya a Amita. Ka kalli Darr kuwa?

Baban Ummi: Duk cikinku wa ya taɓa karɓar kuɗin ƙofa? Shi aka tambaya.

Mai Gidan Kallo: Na gode. To mai fassarar Hausa zan nema ko asalin?

Hajiyar Kongo: Kar ka soma. Na karɓi wani mai fassara, duk waƙoƙin an datse, murya ɗaya ce uwa, ita ce alƙali. Ana cikin kuka sai ya sako tallar shagon waya.

Ɗan Gyallesu: Ai gara shi. Nawa mai fassarar tun farkon fim ya ce ku lura da wannan, ba zai kai ƙarshe ba.

Mai Shayi Kwangila: Ku daina zagin masu fassara, kakata ba ta jin Indiyanci sai ta bakinsu.

Kawu Na Sabon Gari: Mu da muka kalla babu ko rubutu a ƙasa, wa ya fassara mana?