Neman shawara kan fikafikan wutsiyar balan-balan ɗin talla

Auwalu Fenti: Assalamu alaikum jama'ar zaure, iyayena da yayyena barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema ta gaggawa. Akwai babban balan-balan ɗin talla da na yi oda daga Chana, irin dogon nan mai siffar kifi da ake ɗura wa gas a ɗaure da igiya ya tsaya a sama, tsawonsa mita 6 kaurin cikinsa mita 2, ya zo da fikafikai huɗu na wutsiya amma biyu sun karye tun a hanya an danne su da kaya, sai na sa kafinta ya yanko min wasu biyun da filawud siriri na shafe su da fentin mai. Jiya bayan la'asar muka gwada a filin ƙwallon unguwarmu, wlh hankalina ya tashi, wutsiya ta yi ƙasa hanci ya kalli sama, yana ta lilo hagu da dama, can sai ya juya ya ba iska gefensa ya sulo ƙasa saura kaɗan ya hau wayar wuta. Aikin buɗe shago ne ranar Asabar ta sama kuma na riga na karɓi rabin kuɗin mutane. Me zan yi?

Hajiya Binta Ado: Wa alaikumussalam. Subhanallah, Allah ya tsare gaba Auwalu. Kar ka sake ɗaga shi sai masana sun yi magana.

Sadiq Firinta: Oga Auwalu ni da ni ne cire fikafikan zan yi duka huɗun, nauyi ya ragu ya tashi abinsa.

Injiniya Kabiru: A'a Sadiq, kar ya soma. Dogon balan-balan in babu komai a wutsiyarsa ba ya yarda ya fuskanci iska da hanci, ɗabi'arsa ce ya juya ya gicciye mata, kuma da ya gicciye iska ta samu faffaɗan gefe sai ta danna shi ƙasa. Aikin fikafikan kenan, suna can baya da inda igiya ta kama, duk lokacin da hanci ya kauce iska za ta bugi fiffike ta mai da wutsiya bayanta. Auwalu kafin komai ka samu sikelin masu kifi ko na 'yan gwangwan ka auna min fiffike ɗaya na asali da ɗaya na filawud.

Auwalu Fenti: Yanzu na auna yallaɓai. Na asalin giram 350, na filawud kilo 1 da rabi kowanne.

Injiniya Kabiru: To ga ciwon nan. Mu yi lissafi. Mai mita 6 da mita 2 yana ɗaukar gas wajen kubik mita 12 da rabi, kuma gas ɗin hiliyom da ake ɗura wa irinsu kubik mita ɗaya wajen kilo ɗaya yake ɗagawa, a Kano ma bai cika kai haka ba saboda zafi da tudu. Jikin kansa in na ledar PVC ne zai cinye wajen kilo 7, ga igiya ga fenti ga bawul, abin da ya rage maka bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, kai kuma ka je ka ɗora kilo 3 a can ƙarshen wutsiya. Ka dubi ɗan garuwa, in ya rataya garwa cike a gefe ɗaya na sandar ɗayan gefen babu komai, ai ka san inda sandar za ta kalla. A wane gurbi ka sa na filawud ɗin?

Auwalu Fenti: Ɗaya a sama ɗaya a hagu.

Injiniya Kabiru: Shi ya sa yake mirginawa, masu nauyin ƙasa suke nema, na tsaye ya koma a karkace. Cire su yau.

Alhaji Sani Tamfol: Salamu alaikum. Auwalu ɗana, da ka kira ni tun kafin ka je gun kafinta da ban bar ka ba. Na yi shekaru ina ɗinkin rumfa da tamfol kuma irin wannan ya sha zuwa hannuna gyara. Abu biyu na gani suna aiki. Na farko allon roban nan mai ramuka a ciki kamar kwali, wanda masu firintin ke manna fosta a kai, Correx, ka nemi mai kaurin milimita 3, kar ka ɗauki mai 5 nauyi ne. Wajen yanka ka lura ramukan su tashi daga gindin fiffike zuwa bakinsa, in suka kwanta a tsawon jiki iska ɗaya za ta ninke shi kamar takarda. Sai ka zura siririyar sandar faiba a rami biyu ko uku, irin ta tantin yara ko ta gidan sauro mai naɗewa. Na biyu kuma shi na fi so, ka yi firam da sandar faiba ɗin ka sa tela ya ɗinka masa riga da yadin lema, a ja shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Wannan ko ya faɗi ƙasa lanƙwasa yake ya miƙe. Kuma duka huɗun za ka sake, kar ka haɗa tsoho da sabo.

Sadiq Firinta: Baba Alhaji Correx ɗin akwai ragowa a shagona, Oga Auwalu ka turo yaro ya ɗauka kyauta. Amma farin soson nan na cikin kwalin firji fa? ai ya fi komai rashin nauyi

Alhaji Sani Tamfol: Na gwada shi Sadiq. Bai da nauyi kam amma ɓallewa yake daga gindi, kuma gam da fentin mai suna cinye shi, kana kallo yana narkewa.

Danjuma Jos: Ina gaisuwa manya. Ni dai nawa mai fikafikai uku ne, ɗaya a sama biyu a ƙasa sun buɗe kamar ƙafar murhu, kuma ban taɓa samun matsala ba. Tunda biyu sun karye me zai hana ya koma uku ya huta da nauyin ɗaya? Mu nan dole muke ƙididdige kowane giram, garin Jos yana kan tudu sama da mita 1,200 daga matakin teku, balan-balan ɗin da ya tashi da ƙarfi a Legas in ka kawo shi nan sai ka ga ya yi sanyi, abin da yake ɗagawa ya ragu da wajen kashi 10 cikin 100.

Injiniya Kabiru: Danjuma uku na aiki sosai, amma naka an ƙera shi a haka ne, kowane fiffike ya fi girma kuma mazauninsu na nan a inda ya dace. Na Auwalu mazauni huɗu masana'anta suka manna masa, in zai koma uku sai ya ɓanɓare faci ya sake manna wasu, ga kwana tara kacal, ga hatsarin huda jiki. Ya bar su huɗu. Tsarin ukun ma tsoho ne, wani injiniyan Faransa Albert Caquot ne ya fito da shi lokacin yaƙin duniya na ɗaya, balan-balan ɗin leƙen abokan gaba mai kunnuwa uku a wutsiya da iska ke hurawa, kuma irin siffar ce Ingila ta yi ta ɗagawa a saman Landan a yaƙi na biyu don hana jiragen Jamus yin ƙasa-ƙasa. Matsalar da suka yi fama da ita ita ce dai ta Auwalu, abu a ɗaure da igiya iska na wasa da shi.

Hajiya Binta Ado: Injiniya tunda ka ambaci masu hurawa, nawa na farko irinsu ne, fikafikan a haɗe da jiki gas ɗaya ke cika su. Da rana gwanin kyau, amma da magariba ta yi sanyi ya sauko sai ka ga sun yi laushi sun rataye kamar kunnen tunkiya, daga nan sai lilo. Na sha tsayawa a wajen biki ina kallon sama gabana na faɗuwa baƙi na cin abinci ni ko ruwa na kasa sha.

Injiniya Kabiru: Haka ne Hajiya, gas yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, tsakanin digiri 20 da 40 bambancin ya kusa kashi 7 cikin 100. Shi ya sa a hunturun nan in ka cika shi tam da asuba, azahar na yi ɗinki zai fara kuka. A bar masa ɗan wuri da safe, in ya saki da yamma a ƙara kaɗan. Ko masu fiffiken roba abin ya shafe su, in jiki ya yi laushi gindin fiffike ba shi da abin dogara.

Alhaji Sani Tamfol: To nan ne maganar zare ta shigo, kuma nan yara suka fi yin sakaci. Kowane fiffike sai an ɗaure bakinsa da zaren lilo ta gefe biyu zuwa ƙananan zobban da ke jikin balan-balan ɗin, a ja daidai wa daida, in ɗaya ya fi ɗaya ɗamewa fiffiken zai kwanta. Kafin ka ɗaure ka hura shi da iskar bulowa tukuna kar ka ɓarnatar da gas, ka ja zare daga tsakiyar hanci zuwa tsakiyar wutsiya ka bi da alli, sannan ka koma baya ka tsuguna ka rufe ido ɗaya ka duba, fiffiken sama da na ƙasa su hau layi ɗaya. Karkacewar yatsa biyu ta isa ta sa shi ya riƙa jan gefe ɗaya yini guda. In wani zobe ya ɗago ka goge ƙurar hunturu da tsumma mai ɗan sabulu ka bari ya bushe sarai, ka sa gam ɗin PVC na masu tamfol a fuska biyu, ka jira ya daina kama yatsa sannan ka haɗa ka danne da bayan cokali, ya kwana. Ban da sufa gulu, ƙandarewa yake ya tsaga ledar. Ban da sholishon masu faci kuma, na taya ne.

Auwalu Fenti: Allah ya ƙara girma Baba, ina rubutawa duka. Igiyar fa? Ni a zoben ƙarƙashin hanci kawai na ɗaura.

Injiniya Kabiru: Ga ciwo na biyu. Duba cikinsa za ka ga zobba a jere hagu da dama, kowanne zarensa zai sauko su haɗu a wuri ɗaya a ƙasan gaban ciki, a nan babbar igiya za ta kama. Ka daidaita tsawonsu yadda hanci zai ɗan ɗaga kaɗan kawai, kamar digiri 5 zuwa 10, don iska ta riƙa tura shi sama maimakon ƙasa. A mahaɗar ka sa ƙugiya mai juyawa ta ƙarfe don kar igiya ta murɗe, kuma ka ƙara igiya ta biyu ta ko-ta-kwana a wani zoben daban.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku. Abin da zan ƙara, fiffike komai kyansa yana da iyaka. Ni da damina na yi asarar nawa, hadari ya haɗo daga gabas na ce bari a gama jawabi, iskar da ke gaban ruwa ta iso da jan ƙura, mu huɗu muka kama igiya ta ƙone mana tafin hannu, fikafikan ba su karye ba zoben ne ya fita da naman ledar. Tun ran nan yaro guda nake ajewa ba ya aikin komai sai kallon sama, kuma kowa da safar hannu.

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne Malam Issoufou. Iska in gudunta ya ninka biyu ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Ni ƙa'idata da ƙaramin irin wannan, in na'urar hannu mai auna gudun iska ta nuna kilomita 25 a awa na fara saukewa. In babu na'ura, da ka ga ƙananan bishiyoyi na rangaji leda na tashi sama to lokaci ya yi. Kuma kar a ɗaure shi a lungun dogon bene, iskar wurin a hargitse take, ya hau sama da rufin gine-ginen kusa ya samu mai tafiya ɗaya. Mai son wanda ke jure iska sosai nan gaba ya duba Helikite na Ingila, shi ƙwallo ne da yadi a ƙasansa, iska ƙara ɗaga shi take, sai dai tsada kuma wurin rubutu kaɗan ne.

Hajiya Binta Ado: Ni fa daga baya komawa na yi kan masu bulowa da ake girkewa a ƙasa ko kan rufi, babu kuɗin gas babu fargaba. Amma na san masu shago na sama suke so don a hango daga nesa. Auwalu wane gas ka sa? Don akwai masu zuwa su ce za su haɗa maka mai araha.

Auwalu Fenti: Hiliyom ne Hajiya, silinda biyu na saya, amma wani ya yi min tayin mai arahar.

Alhaji Sani Tamfol: Kar ka kuskura ɗana. Haidirojin ne, gas mai kama wuta, tartsatsi ɗaya yake jira, ga janareta ga masu suya ga yara a ƙarƙashi. Babu ribar da ta kai wannan.

Danjuma Jos: Shi ne ya cinye jirgin balan-balan na Hindenburg a Amurka a 1937, mutum 36 suka rasu. Sannan a ina shagon yake? In wajen Sabon Gari ne ko Fagge ka san filin jirgin Malam Aminu Kano na nan kusa, ka nemi izini gun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kafin ka ɗaga komai, kar ka tsaya ji daga bakin mai shago.

Auwalu Fenti: Hanyar Zariya ne yaya Danjuma, amma zan je in tambaya gobe in sha Allah, mita 30 ma kawai nake son ya hau.

Auwalu Fenti: Jama'a barkanmu da yamma, na dawo da rahoto. Na karɓi Correx gun Sadiq Allah ya saka, mun yanka huɗu sababbi a kan zanen na asali da sandar faiba bibbiyu, kowanne ya zo giram 400 da ɗan kai. Yau da hantsi muka ɗaga, Alhamdulillah ya fuskanci iska ya tsaya cak kusan awa biyu har mutanen unguwa suka taru. Abu ɗaya ne, in iska ta ɗan ƙaru yana jan dama a hankali sannan ya dawo, kuma na lura bakin fiffiken ƙasa yana karkarwa.

Alhaji Sani Tamfol: Zaren hagu na fiffiken ƙasa ne ya saki, ko kuma zoben ya fara ɗagowa. Kar ka fitar da gas ɗin, ka ɗaure shi a inuwa ka rufe da tamfol, gobe bayan azahar zan biyo da gam da zare in duba da idona. Ka tanadi tsani da alli.