Yaya ake shiga zance, a kuma fita ba a ɓata wa kowa ba?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema a kan tafiyar da hira. Abu uku ke ba ni wuya. In an aike ni wurin babba, gaisuwa sai ta yi ta tafiya ban san inda zan sako abin da ya kawo ni ba. A fada kuma, wato majalisar hira, ana shan shayi, kafin in buɗe baki wani ya riga ni, in na kutsa a ce na katse mutum. Na ukun shi ne mai dogon zance, wanda zai zauna mini a shago ranar Alhamis, Kasuwar Dole ta cika maƙil, ban san yadda zan sallame shi ba. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Malam na Birni:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ta farkon zan ɗauka.

Gaisuwa tana da ƙofar fita, jira ake yi a gan ta. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa da inda yake. Kai za ka fara: ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Shi ma zai juyo da nasa, ya tambayi mutanen gida da aiki da zafi ko sanyi. Duk amsarka a nan "lafiya lau" ce da "da godiya" da "sai alheri", ko da labarin da ka zo da shi ba mai daɗi ba ne. Wanda aka ce wa "ina gida?" ya fara zayyana ciwon mahaifiyarsa ya zuba magana a inda ba a shirya karɓarta ba, shi ya sa sai ya ga an amsa masa sama-sama.

Bayan tambaya biyar ko shida za ka ji ya ce "to, madalla", ya yi shiru. Wannan shirun shi ne ƙofar. Wani babban zai buɗe maka da kansa, ya ce "lafiya dai ko?" In bai ce ba, ka bar numfashi ɗaya ko biyu su wuce, sannan ka ce: "Allah gafarta Malam, dama tafe nake da 'yar magana." Kalmar "dama" ita ke sanar da shi an bar gaisuwa an shiga aiki. Daga nan abu uku a jere: wa ya aiko ka, mene ne al'amarin, me ake so daga gare shi. Yara suna yawan barin na ukun, su ba da labari mai tsawo su yi shiru, dattijo ya rasa kuɗi ake so ko sa baki ko addu'a.

In da mutane a zauren, maganar kuma ta sirri ce, kar ka rage murya ka faɗa a gabansu. Ka ce kana son ganinsa in ya sami sarari, shi ya san yadda zai yi.

Sai ka iya jin amsa. "Ka dawo jibi bayan la'asar" alkawari ne, don an sa rana. "To, bari mu gani" ba tare da rana ba, galibi a'a ce aka lulluɓe. Kar ka matsa a cire mata mayafi, kai za ka ji kunya.

Mushe na Garin Malam:

Malam ya gama da ta farko. Ƙanena, ta fada kuwa ba rashin baki ba ne, lissafin lokaci ne.

A 2009 masana sun auna tambaya da amsa a harsuna 10 na duniya. Suka tarar tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar wani da farkon ta wani kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa. Mutanen Japan ne suka fi sauri, na Danmak suka fi jinkiri, amma su ma ba su kai rabin daƙiƙa ba. Ƙwaƙwalwa kuwa tana bukatar fiye da rabin daƙiƙa kafin ta shirya ko kalma ɗaya. Ka ga ke nan wanda ke riga ka ba jira yake a gama ba. Tun mai magana yana tsakiya ya shirya tasa, yana dakon gaɓa. In kai sai an yi shiru kake fara tunanin abin faɗa, kullum za a riga ka.

Gaɓar tana da alamu. Murya tana sauka, hannun da ake nuni da shi ya koma kan gwiwa, mai maganar ya ɗago ido ya dubi wani, ko ya rufe da "shi ke nan", "ka ji fa", "ko ba haka ba?" In kuwa ya tsaya a kan "amma", "saboda", "sai kawai", ko idonsa yana sama yana laluben kalma, bai gama ba, shiga nan shi ne katsewa.

Kafin gaɓar ka kama layi: ka ɗan gyara zama, ka dube shi, ka sa "haka ne" ko "ƙwarai" da ɗan ƙarfi sau biyu. Wanda ke amsa wa mai magana shi ake duba in an gama, wanda aka duba kuma shi ke da fili. Ka fara da kalmarsa ta ƙarshe: "Wannan maganar taki da ka yi…" Ba mai jin an ƙwace masa zance in an ɗora a kan nasa. In dole ce ta sa ka shiga tsakiya, "ban tari numfashinka ba" tana nan, amma sau ɗaya a zama, kuma ka mayar masa: "ci gaba, kana cewa…" In kun fara tare da wani, ƙarami ke janyewa.

Shayin ma agogo ne. Lokacin da ake zagayawa da kofi bakuna suna tsayawa, nan sabon zance ya fi saurin kamawa. Magana mai nauyi a kawo ta tsakanin zagayen shayi na farko da na biyu. In an kai na uku mutane sun fara neman takalmansu.

Hajiya ta Zango:

Ɗana, mai dogon zance kai kake ba shi itace. Duk "ashe?" da "ikon Allah!" da "sai aka yi yaya?" da kake sakawa don ladabi, shi a kunnensa "ƙara" kake cewa. Mushe ya koya maka amsawa don ka shiga, to in fita kake so sai ka juya abin. Ka bar masu tambaya, ka koma "to" gajera, murya ƙasa. Bayan "to" uku ko huɗu, ka naɗe masa zancen da kanka: "Wato dai har yanzu bai biya ka ba. Allah ya kyauta." Addu'a marufi ce, da wuya mutum ya ci gaba bayan ya ce amin.

Sannan jiki ya bi baki. Ka miƙe, ka kama wani aiki, ka faɗi dalili na gaskiya, gajere: "Bari in sallami wannan baiwar Allah." Kar ka jero dalili uku, mai jero dalilai kamar mai neman izini ne, za a ba shi shawarar yadda zai zauna. Ka sa masa wani lokaci in kana so, "ka biyo da dare mu ƙarasa", ka taka masa zuwa bakin shago, a gaida gida. In kun kai ƙofa kar ka tambayi komai sabo, ko "ya mai jiki?" ce, don hirar za ta sake zama.

Hanya mafi sauƙi ma tun farko ce. Yana zama ka ce: "Yau kasuwa, minti biyar gare ni, amma naka ne." A salula ma haka.

Sai dai ban yarda a yi wa dattijo wannan ba. Shi ba a miƙe masa. Kiran salla ake jira, ko a ce "kar in cika ka da surutu, Baba", a ɗauki laifin a kai.

Wani abu kuma game da rakiya, tunda Malam ya yi zancen sirri: mu mata mun san baƙuwa takan yi awa biyu tana hirar duniya, abin da ya kawo ta sai a zaure za ta faɗa, an rage daga ke sai ita. In ka raka baƙo ka ga ya rage tafiya, kar ka yi saurin cewa sai an jima.

Mushe na Garin Malam:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma kar ka ɗauka kullum ɗayan yana son a ci gaba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2021 ya nuna kusan 2 cikin 100 ne kawai na hirarrakin da aka gwada suka ƙare a lokacin da duka biyun ke so. Sau da yawa kowa jiran ɗan'uwansa yake.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in hira ta karkata zuwa gulma ko musu ya yi zafi fa?

Malam na Birni:

Kar ka yi wa'azi a tsakiyar fada, sai a koma kanka. Gulma da mai karɓa take rayuwa, ka hana ta "ashe?", ka ce "Allah ya rufa mana asiri", nan take ka jefa wa mai gulmar tambaya a kan abin da ya fi kowa sani: in manomi ne farashin tiyar gero, in ɗan kabu-kabu ne kuɗin mai. Dole tambayar ta tafi wurinsa shi, in ka yi wa wani zai dawo da zancensa da zarar an numfasa.

Musu kuwa, in an maimaita hujja ɗaya sau biyu ba sauran sabon abu. Wanda ba ya ciki shi ke raba shi, ya faɗi inda kowanne ya yi daidai, ya miƙa kofi. In akwai abokan wasa a wurin, kamar Bafillace da Babarbare, tsokana ɗaya tsakaninsu takan sauke zafin. Amma ka tabbata akwai wasan tsakaninku kafin ka taɓa, in babu, zagi ne.