Rage tsayin BMW 328i: kayan kamfani ko na waje?

Baban Amira, Kofar Kaura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da BMW 328i ƙirar 2013, kuma ina son ta ɗan kwanta ƙasa domin ta riƙe hanya a kwana. An ba ni zaɓi biyu: sifirin da shokozoba na M Sport, waɗanda BMW ke yi da kansa, ko sifirin wani kamfani daban mai suna Eibach. Wanne ya dace da titunanmu?

Oga Makanike, Kofar Guga: Wa alaikumus salam, Baban Amira. Na kamfani yana sauke motar da kusan milimita 10 ne kawai, kuma an auna sifirin da shokozoban tare, shi ya sa ba sa wahalar da juna. Eibach kuwa yakan sauke ta da milimita 25 zuwa 30. Idan aka ɗora shi a kan tsohon shokozoba, sai a rage masa filin motsi, ya riƙa buga ƙasa a kowane rami, kafin a ankara ya fara yoyon mai. In dai Eibach ɗin kake so, ka haɗa shi da shokozoban Bilstein B8, wanda aka yi shi gajere musamman domin irin wannan aiki.

Alhaji, Daura: Ƙanena, ka saurari Oga. Na taɓa sauke tawa da kayan waje, kuma a kan kwalta mai kyau na ji daɗinta ƙwarai, amma duk tudun rage gudu da ke garuruwan hanyar Daura zuwa Katsina sai na hau shi a karkace, raina a ɗaure. Abin da ya fi damuna shi ne kwanon baƙin mai na ƙarƙashin injin, domin a irin taka mai jan baya na roba ne, kuma dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi. Ga damina, lokacin da ruwa ke ɓoye ramuka.

Oga Makanike: Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Kowanne aka saka, dole a sake saita ƙafafun, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki.

Baban Amira: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a kan na M Sport. Oga, idan na samo na Beljiyam a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, me zan duba?

Oga Makanike: Ka tafi da lambar shasin motar, domin sifirin ya bambanta gwargwadon nauyin inji, kuma duk shokozoban da ka ga danshin mai a jikinsa ka ajiye shi.