Ina 'yan wasan MMORPG suka shige ne?

Garkuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Raguwar 'yan wasan MMORPG, wato wasannin intanet da mutane masu yawa ke shiga duniya ɗaya kowa da jaruminsa, tana damuna ƙwarai. A 2010 masu biyan kuɗin wata a wasan World of Warcraft sun kai miliyan 12, zuwa 2015 sun sauko miliyan 5.5, daga nan kamfanin Blizzard, mai wasan, ya daina faɗin adadin. A ƙungiyarmu yanzu da ƙyar muke haɗa mutum goma mu tunkari babban dodo. Wasan ne ya lalace ko jama'a suka canja?

Uwar Daki:
Wa alaikumus salam. Lokaci ne ya yi ƙaranci, ɗan'uwa. Waɗanda suke kwana a gaban kwamfuta a 2004 yau iyaye ne masu aiki. Su kuma yaran da suka taso, Fortnite da PUBG suka tarar tun 2017: ka shiga kyauta a waya, cikin minti ashirin ko talatin an gama. Wa zai yarda ya kwashe watanni yana raino jarumi ɗaya kafin ya fara jin daɗi?

Mai Baka:
Ku ƙara da hira. Da a cikin wasan ake ƙulla abota, yanzu manhajar hira ta Discord ta ɗauke wannan.

Sarkin Yaki:
Ni dai ban yarda wasannin MMORPG sun mutu ba, Malam Garkuwa. A Disambar 2021 kamfanin Square Enix sai da ya dakatar da sayar da wasansa na MMORPG, Final Fantasy XIV, saboda cunkoson 'yan wasa. Ka gwada shi, akwai gwajin kyauta mai tsawo.