Ƙanena na shirin shiga sojan Rasha, me zan gaya masa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku. Ƙanena ya gama karatu amma aiki ya gagara. Wani dillali ya yi masa alkawarin kai shi Rasha, wai ya sa hannu a kwantiragin soja na shekara ɗaya, albashi mai tsoka, daga baya a ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce ba fagen daga za a kai shi ba, gadi ne ko tuƙi. Mahaifiyarmu ba ta sani ba tukuna. Na yi masa faɗa, sai ya ce ko a gida ma mutuwa ake yi. Na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Tsohon soja:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki gaya masa soja ba ya zaɓar inda za a tura shi. Da zarar ya sa kaki, bakin dillali ya mutu, na kwamanda ne ke aiki. Batun shekara ɗaya kuma ya fi komai tayar mini da hankali. Tun Satumbar 2022 Putin ya sa hannu a dokar tara sojoji, wadda ta ce kwantiragin soja zai ci gaba da aiki har sai an ɗage dokar. Mutum na iya cika shekararsa a ce masa ba inda za shi. Ga yaƙin nan na Yukren ba irin wanda muka sani ba ne, ƙananan jirage marasa matuƙi ke shawagi a kan mutum dare da rana, direba ma bai tsira ba. Sannan da Rashanci za a ba shi umarni. Idan aka ce ya kwanta bai ji ba fa?

Wani ɗan'uwa:
Yallaɓai, duk abin da ka faɗa haka yake, amma kada a ce wa yaron nan komai ƙarya ne, zai toshe kunne. Takardar zama ɗan ƙasa gaskiya ce, a Janairun 2024 aka fitar da dokar da ta ba baƙin da suka sa hannu damar nemanta. Akwai kuma waɗanda aka biya.

Tsohon soja:
Akwai. Waɗanda suka rayu ne ke ɗora bidiyo. Sauran ba mai jin ta bakinsu.

Wata 'yar'uwa:
Ya tambayi kansa me ya sa Nepal ta dakatar da bai wa 'yan ƙasarta izinin zuwa aiki Rasha da Yukren a farkon 2024. Gawarwaki ne suka sa. Indiya kuwa sai da Firaminista Modi ya tayar da maganar a gaban Putin a Moscow, a Yulin 2024, don a sallamo 'yan ƙasarsa, kuma da yawansu da alkawarin aikin taimaka wa sojoji aka kai su. Shi wa zai je ya roƙa masa?

Lauya:
Hajiya, ki ƙara masa da batun kamu. Sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Geneva ta 1977 kan dokokin yaƙi ya ce sojan haya ba shi da haƙƙin fursunan yaƙi. Wanda aka ɗauka cikin rundunar ƙasa a hukumance bai kamata a kira shi sojan haya ba, amma a Yunin 2022 wata kotun 'yan aware masu goyon bayan Rasha a Donetsk, gabashin Yukren, ta yanke wa 'yan Birtaniya biyu da ɗan Maroko ɗaya hukuncin kisa a matsayin sojojin haya, alhali cikin rundunar Yukren suke. Musayar fursunoni da Saudiyya ta shiga tsakani ce ta cece su. Ki sa ya karɓo kwafin kwantiragin, a nemi wanda ba ruwansa da dillalin ya fassara, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga kowa. Idan dillalin ya ƙi ba da kwafi, kin samu hujjar da za ki nuna masa.

Wata 'yar'uwa:
Kuma ki daina ɓoye wa Mama. Gara ta yi kuka yanzu yana gabanta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da daddare zan zauna da Mama, gobe kuma in sa shi ya kira dillalin a gabana ya nemi kwafin. Ku taya mu da addu'a.